Ajimi Mai Zare da Kakin Sojan Sama

Duk wanda ya san layin masu zare a Kasuwar Kwastam ta Maiduguri ya san Ajimi, kodayake ba kowa ke kiransa da sunan yanka ba. Kaftin ake ce masa. Bai taɓa sa kaki ba, bai taɓa leƙa cikin jirgi ba, amma daga unguwar Gwange har ta Lamisula, idan saurayi ya ce aikin sojan sama yake so, wurinsa ake tura shi.

Ɗan Ba Madu ne, wani mutumin Gwange mai sayar da zaren ɗinkin hula. Rumfarsu ƙarama ce, an jera ƙullin zare tun daga ƙasa har rufi, launi ya fi arba'in, kuma mata masu ɗinki na zuwa da guntun zare a gefen zane su ce irinsa suke so. A nan Ajimi ya tashi. Ya gama sakandare a shekarar da aka hana hawa babur a Maiduguri, ya dawo rumfa yana taya mahaifinsa, kamar yadda kowa ya zata zai yi har tsufansa.

Ba tun yana yaro yake mafarkin jirgi ba. Abin ya same shi ne wata ranar Talata da hantsi, bayan wani abu ya fashe a bayan layinsu. Jami'an tsaro suka zo suka fito da samarin unguwa gaba ɗaya, aka zaunar da su a rana, hannu a ka, ana duba katin kowa. A lokacin saurayin Gwange yana da abin tsoro guda biyu: masu bindigar da ke ɓuya a lungu, da waɗanda ke zuwa nemansu. Ajimi na zaune ƙasa na gasa shi, sai ga jirgi mai saukar ungulu ya wuce ta samansu. Ya bi shi da ido har ya ɓace. Ya ce a ransa, wancan mutumin da ke ciki dai babu mai tsayar da shi ya ce ya nuna kati. Da aka sallame su da la'asar, ya koma gida da shawararsa a hannu.

Ba Madu ya saurare shi yana warware wani zare da ya harɗe.

"Sojan sama," ya ce. "Kai da ban isa in aike ka ka ɗauko jan zare ka kawo daidai ba, kai za a ba wa jirgi?"

Wannan tsohuwar magana ce tsakaninsu. Tun Ajimi na ƙarami, idan mace ta nemi ja sai ya miƙa mata kore, idan ta nemi kore ya ɗauko ruwan ƙasa. Ya sha ranƙwashi a kai. Da ana cewa wasa ne ya yi masa yawa. Yanzu da maganar jirgi ta fito, Ba Madu ya samu dalilin da ya fi gamsar da shi, yana gaya wa masu sayayya, "Ku yi haƙuri da shi, jikinsa ne a nan, hankalinsa yana sama." Shi ma Ajimin ya yarda haka ne.

Wanda ya ɗauki maganarsa da gaske shi ne Baba Dzarma, wani dattijo mutumin kudancin Borno da ke zaune a Lamisula. Sunansa Thomas Dzarma, ya yi shekara talatin da biyar a sojan sama kafin ya yi ritaya, kuma har lokacin yana goge takalminsa kullum da safe kamar za a zo dubawa. Ajimi ya same shi a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya tambaye shi wane irin jirgi ya tuƙa.

"Tukunya," in ji Baba Dzarma.

Ajimi ya yi tsammanin sunan wani jirgi ne.

"Kuku ne ni, yarona. Shekara talatin da biyar ina dafa wa bariki abinci. Amma duk matuƙin da ka gani a sama a zamanina, sai da ya ci shinkafata kafin ya tashi. Kai me ka karanta?"

Ajimi ya nuna masa takardarsa. Dattijon ya sa tabarau ya duba, ya ce kiredit biyar ɗin sun isa a cike fom na ƙananan sojoji, amma ya sani wannan fom ɗin ba ya kai mutum kujerar matuƙi. Matuƙa ta makarantar hafsoshi suke bi, kuma can sai da kimiyya mai kyau, shi kuwa Ajimi malamin kimiyyarsu ya bar gari tun suna aji biyar ba a kawo wani ba.

"A cikin mutum ɗari na sojan sama, waɗanda ke tashi ba su kai biyar ba. Sauran muna ƙasa. Masu gadi, masu gyara, masu tuƙa mota, masu busa ƙaho. Har yanzu kana so?"

"Baba, ko ƙofar jirgin ce a ba ni in riƙa buɗewa."

"To fara gudu. Ba su ɗaukar mai haki."

Washegari bayan sallar asuba, da aka ɗage dokar hana fitar dare, Ajimi ya sa gajeren wando da tsohon kambas ya fito. Abin da shi da Baba Dzarma ba su lissafa ba shi ne, a Gwange ta wannan lokacin babu wanda ke gudu don motsa jiki. Mai shayi ne ya fara ganinsa, ya bar tukunya a wuta ya bi bayansa. Masu fitowa daga masallaci suka ga mutum biyu na gudu, suka tattare riguna. Kafin ya kai bakin gada, mata sun fito da goyo, wani tsoho ya bar takalmi ɗaya a hanya, an rufe shaguna huɗu da aka fara buɗewa. Ajimi ya waiga ya ga jama'a a bayansa a guje, ya ƙara wuta, don shi ma ya ɗauka wani abu ne ya faru.

Da rana Bulama, mai unguwarsu, ya aika aka kira shi tare da mahaifinsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi ba ya hana kowa neman abin kansa, amma duk ranar da Ajimi ya sake jin yana son gudu, ya yi shi a inda idon mutane ba zai gan shi ba.

Haka aka yi atisayen ya koma tsakar gidan Baba Dzarma. Akwai darbejiya ɗaya a tsakiya, sai rijiya, sai turken awakin Mama Ladi, matar gidan. Ajimi na zagaya darbejiyar sau ɗari biyu kowace safiya, dattijon na zaune a kujera da usur a baki yana ƙirgawa. Idan jiri ya kwashe shi sai a bar shi ya zauna kaɗan. Bayan gudu sai tsallen kwaɗo, sai ɗaga bokitin ruwa, sai tambayoyin jarrabawar shekarun baya da Baba Dzarma ya samo a wurin wani tsohon abokin aikinsa. Awakin tun suna firgita har suka saba, suka daina ɗaga kai.

Shekarar farko takarda ce ta kayar da shi. Ana son shaidar cewa shi ɗan asalin ƙaramar hukumarsu ne, ita kuwa sakatariyar garin su Ba Madu an ƙone ta, ma'aikatan sun gudo Maiduguri, kowa yana aiki daga inda ya samu wurin zama. Mai hatimi yana wata unguwa, mai sa hannu yana wata, kuma ba sa shiri da juna. Ranar da Ajimi ya haɗa hatimi da sa hannu a kan takarda ɗaya, an yi kwana uku da rufe karɓar fom.

Shekara ta biyu aka ɗauke sabis na waya a jihar gaba ɗaya, fom kuwa ta intanet ake cikewa. Shago ɗaya ne a Lamisula yake aiki, na wani ɗan kasuwa mai suna Nnadozie, wanda ke da farantin intanet na tauraron ɗan'adam a saman rufi. Nnadozie ya kai iyalinsa gida kudu ya dawo shi kaɗai, yana cewa shekara ashirin da ya yi a garin nan ba zai bar su ga wasu ba. Ajimi ya bi layi kwana biyu. Da layi ya zo kansa, Nnadozie ya dubi hoton fasfo ɗinsa ya dube shi.

"Kai ne wanda ya kori Gwange da gudu?"

"Ni ne, Oga."

"Zauna. Irinku ake nema."

Ya cike masa fom tsaf, ya buga masa takardar shiga jarrabawa. Ana saura kwana ɗaya jarrabawar aka kai hari a gefen gari, aka sa dokar hana fita ta dare da rana. Da aka sassauta, aka sa sabuwar rana, sanarwar ba ta iso kunnen Ajimi ba sai da aka gama.

A wannan shekarar ce samarin gari suka tashi da gora da adda suna tsare unguwanni. Abokan Ajimi da yawa sun shiga, suka yi ta jansa, suna cewa ga aikin soja ya zo har ƙofar gida, ba fom ba hoto. Yakan taya su tsayuwa a bakin kasuwa wani lokaci, amma bai sa sunansa ba. Yana tsoron ya ji rauni ko ya samu tabo, don Baba Dzarma ya gaya masa ana duba jiki daga kai har tafin ƙafa. Saboda haka mutumin da ya fi kowa shirin yaƙi a layinsu shi ne ya fi kowa kaffa-kaffa da fatarsa. Ko ƙwallo ya daina bugawa.

Shekara ta uku ita ce ta ƙarshe, don yana cika ashirin da biyu, kuma daga nan ƙofa ta rufe. Wannan karon komai ya tafi daidai. Ya zauna jarrabawa, sunansa ya fito, aka kira shi Kaduna tantancewa. Ba Madu, wanda shekara uku bai ce uffan na ƙarfafawa ba, ya kai shi tasha da kansa, ya sa masa dabino da ƙuli a jaka. A lokacin bin hanyar Damaturu sai da yafiya da addu'a. Motar ta yi tsit tun daga fita gari, kowa na jan carbi, har da direba. Ajimi bai taɓa wuce Borno ba sai ranar.

A Kaduna ya ga samari daga kowace jiha, wasu ƙirjinsu kamar ƙofar gida. Bai ji tsoro ba. Aka auna tsayi, ya wuce. Aka duba haƙora da gwiwa da tafin ƙafa, ya wuce. Ranar gudu ya zo na huɗu a rukuninsu, duk da wani saja ya yi ta daka masa tsawa ya miƙe hanya, don shekara uku na zagayen darbejiya sun sa yana karkata hagu ko a miƙaƙƙen titi. Ya kira Baba Dzarma a wayar wani ya gaya masa, dattijon ya ce saura abu kaɗan, ya dai riƙe gaskiya a duk abin da aka tambaye shi.

Rana ta biyar aka shiga gwajin ido. Ya karanta haruffan bango har layin ƙasa. Sai likitar, wata mace mai sanyin murya, ta buɗe wani ɗan littafi ta ajiye a gabansa. Kowane shafi da'ira ce cike da ɗigo-ɗigo.

"Wace lamba ka gani?"

"Sha biyu."

Ta juya shafi. "Nan fa?"

Ajimi ya duba da kyau. Ya ɗauka tarko ne, irin wanda ake gwada maƙaryata da shi.

"Babu lamba, ranki ya daɗe. Ɗigo ne kawai."

Ta juya wani, da wani. Ya ce babu. A wani shafin ya ga lamba, ya faɗa da ƙarfinsa, ta rubuta wani abu. Daga ƙarshe ta rufe littafin ta tambaye shi sana'arsa. Ya ce zare yake sayarwa, na ɗinkin hula. Ta ɗago ta dube shi.

"Ba a taɓa ce maka kana rikita launi ba?"

"Kullum ana faɗa. Babana ya ce rashin natsuwa ne."

Ta yi masa bayani a hankali. Ba rashin natsuwa ba ne, ba kuma ciwo ba ne da za a ba shi magani. Haka aka haife shi, idonsa ba ya raba ja da kore yadda na sauran mutane ke yi. A aikin da fitila ja ke nufin tsaya, kore ke nufin taho, ba za a iya ɗaukarsa ba, ko da a gadin ƙofa ne. Ta ce ta ga sakamakon gudunsa, kuma ta tausaya masa.

Ya fito ya zauna a gindin wata bishiya da jakarsa. Abin da ya fi tsaya masa a rai ba jirgin ba ne. Tunanin ranƙwashin da ya sha yake yi, da matan da suka yi ta yi masa tsiya, da yadda shi kansa ya yi shekaru yana zagin kansa a kan sakarci. Ya ci sauran dabinon, ya nemi motar gida.

Bai bi ta gida ba, rumfa ya wuce kai tsaye. Ba Madu na ganinsa da jaka ya gane. Ajimi ya zauna ya faɗa masa abin da likita ta ce, kalma bayan kalma. Tsohon ya miƙa hannu ya ɗauko ƙulli biyu, ja da kore, ya ɗora a tafinsa.

"Waɗannan, ɗaya suke a wurinka?"

"Wannan ya ɗan fi duhu, Baba. Shi ke nan."

Ba Madu ya daɗe yana kallon zaren. Ya ce kawun Ajimi na wajen uwa ma haka yake, ya taɓa zuwa ɗaurin aure da hula da riga da suka sa aka yi wata guda ana dariya, kowa ya ce ƙauyanci ne. Bai ce wa ɗansa ya yafe masa ba, don ba irin maganar da ke fita bakinsa ba ce. Amma washegari Ajimi ya zo ya tarar an liƙa 'yar takarda a ƙarƙashin kowane layin zare, an rubuta sunan launin da ajami, da hannun tsohon. Tun daga ranar bai sake miƙa wa kowa zaren da ba shi ba.

Baba Dzarma ne abin ya fi bugawa. Ya ce shekara uku yana duba ƙafa da ƙirji da numfashi, bai taɓa tunanin ido ba, alhali shi ma an nuna masa littafin nan a zamaninsa. Ajimi ya yi mako biyu bai je Lamisula ba. A na uku ya farka da asuba, jikinsa ya ƙi kwanciya, ya sa kambas ya tafi. Ya tarar da samari biyu suna zagaya darbejiya, dattijon na haki da usur. Ya karɓi usur ɗin.

Da gari ya ɗan lafa, gudu ya daina tsorata mutane, suka koma wani fili kusa da kogi. Samari suka ƙaru, har da 'yan mata masu son shiga. Ajimi ya san komai: ranar da ake buɗe fom, takardar da ake fara nema, wanda ya cancanci ya tsaya wa mutum, irin tambayoyin lissafi da ke maimaituwa, abin da za a ci ana gobe gudu. Ba ya karɓar ko sisi. Ya auri Siddiƙa, ɗaya daga cikin matan da ke sayen zare a rumfarsu, wadda ta ce tun farko ta lura idan ta nuna da yatsa ba ya kuskure, sai in ta faɗi suna. Ita ce ke gwada idon duk sabon zuwa da zare ja da kore kafin ya fara zagaye ko ɗaya. Cikin shekara shida, mutum goma sha ɗaya daga filin nan suka shiga sojan sama. Su ne suka sa masa Kaftin, da farko da wasa.

Wata rana Alhaji Ba'ana, mai babban shagon atamfa a bakin layinsu, ya zo rumfar da kansa, abin da bai saba ba. Ya ce ɗansa Abdulnasir, wanda yake so ya gaji shagon, ya kafe sai sojan sama. An yi faɗa, an yi lallashi, an kira kawunai, duk a banza.

"Kai ka san wahalar abin, kuma ka san yadda yake ƙarewa," in ji Alhaji. "Ka ɗauke shi ka gajiyar da shi. Mako ɗaya ya ishe shi, yaron ko bokiti bai taɓa ɗauka ba."

Ajimi ya ce to, Alhaji. Kuma bai ci amana ba. Ya ba Abdulnasir zagaye ninki biyu na kowa, ya sa shi tsallen kwaɗo a yashi, ya gaya masa labarin Kaduna ba tare da ya rage komai ba, ya nanata masa cewa da wuya ya taɓa jirgi da hannunsa. Abdulnasir ya yi amai ranar farko da ta biyu. Rana ta takwas ya riga kowa zuwa fili. Bayan wata bakwai sunansa ya fito, ya tafi, aka ɗauke shi a karon farko, aka tura shi sashen gyaran injin jirgi.

Alhaji Ba'ana ya daina amsa gaisuwar Ajimi. Idan zai je masallaci sai ya zagaya ta layin masu takalma don kada ya bi ta gaban rumfar zare. Haka aka yi shekara guda da wani abu, har Abdulnasir ya zo hutu ya shigo kasuwa cikin kakinsa, 'yan kasuwa suka taso ana shafa kafaɗarsa. Alhaji ya riƙo hannun ɗansa ya bi da shi rumfa-rumfa. Da suka iso ta su Ajimi, ya tsaya ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Ni na kawo shi wurin Kaftin da ƙafata. Kaftin, gaya musu, ba ni na kawo shi ba?"

Ajimi yana auna wa wata mata zare. Ya ɗago ya dubi Abdulnasir, wanda ke ƙoƙarin danne dariya.

"Kai ka kawo shi, Alhaji," ya ce. Ya yanke zaren ya miƙa wa matar.